Kafin Ki Tafi Karatun CHO

'Yata, na ji labarin kin samu gurbin karatun CHO, wato jami'ar lafiyar al'umma, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Alhamdu lillahi, Allah Ya sanya albarka. Shekara uku kika yi kafin ki zama CHEW, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, kika yi aiki a ƙaramin asibiti har hannunki ya faɗa, yanzu ga wasu shekara biyu a gabanki. Ki zauna mu yi magana, domin matsayin da za ki hau ya fi na baya nauyi.

Aikin nan ƙarancin likitoci ne ya haife shi, a nan da ko'ina. A Amurka, a shekarar 1965, Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke ya ɗebi tsofaffin masu jinyar sojojin ruwa ya horar da su su zama mataimakan likita. Yau a can sai mutum ya gama digirin farko yake shiga wannan karatu, ya fito da digiri na biyu. Mu tamu hanyar daban ce. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora lafiyar karkara a wuyan irinku, kuma a 1992 aka kafa hukumar da ke yi muku rajista da ba ku lasisi. An ba ku littafin ƙa'idojin aiki, wanda kuke kira Standing Orders. Cikinsa an rubuta abin da za ki yi wa mara lafiya, an kuma rubuta inda hannunki zai tsaya. Wannan na biyun shi nake so ki fi riƙewa.

Kin san mutanenmu. Duk wanda ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, likita za su ce masa, kuma za su sakar masa ransu gaba ɗaya. Wata rana da magariba za a kawo miki mai ciki wata takwas daga wani ƙauye na Dawakin Tofa, ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, tana cewa idonta na ganin dishi-dishi. Ki ɗaura mata abin awo ki ga jini ya kai 160 bisa 110. Kin san jijjiga ce ke tafe. Mijin zai ce ba shi da kuɗin mota, uwar mijin za ta riƙe hannunki ta ce, "Ki dai taimaka ki yi mana a nan, 'yar nan." Tausayi zai kama ki, kuma tausayin gaskiya ne. Amma ki yi mata allurar farko ta maganin jijjiga yadda aka koya miki, ki rubuta takarda mai bayyana abin da kika gani da abin da kika ba ta da ƙarfe nawa, ki tsaya a kansu har sai mota ta tashi zuwa Asibitin Murtala ko wani babban asibiti. Garinmu Dawanau yana kan titin Katsina, birni ba nisa. Idan kuɗi ne matsalar, a tashi mai unguwa, a buga wa 'yan'uwa waya. Tura mara lafiya gaba ba gazawa ba ce, cikin aikin yake.

Haka in damina ta yi nisa, yara suka fara cika benci da zazzaɓi. Uwa za ta ce allura take so, ko ƙarin ruwa, domin a ganinta su ne magani mai ƙarfi. Ki ɗiga jinin yaron a kan abin gwaji, ki jira mintocin da aka ƙayyade, ki zagaya masa tsinken awo a damtse. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma maganin zazzaɓi kaɗai ba zai tashe shi ba. Ki yi wa uwar bayani a hankali, da Hausar da take ji, ba tare da kin kunyata ta a gaban mata ba. Sau da yawa ba sakaci ba ne, rumbu ne ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya shigo.

A makaranta kuwa, kada ki raina darasin tafiyar da asibiti don ba a taɓa mara lafiya a cikinsa. Idan kin dawo, mai yiwuwa ke za a ba ragamar wurin. Firjin rigakafi dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma wani ne zai duba shi safe da yamma ya rubuta. Kin ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran Kano a 2023, cutar da allurar rigakafi ke tarewa. Lokacin zagayen ɗakuna ki matsa kusa da tsofaffin nas-nas da ungozomomi, ki yi tambaya ko da za a ce kin cika tambaya.

Ki kuma karanta da garinku a zuciya. Kasuwarmu ta hatsi tana tara leburori masu shaƙar ƙurar gero da riɗi tun safe har dare, da masu zuba maganin ƙwari a buhunan wake cikin rufaffen sito. Ki koyi alamomin gubar nan sosai, da abin da ake yi a sa'ar farko. Sannan ga asibitin masu taɓin hankali a nan gefenmu, wanda har sunan garin ya zama abin tsokana a bakin wasu. Za a kawo miki matar da ta haihu ta daina barci da magana, ko saurayin da ƙwaya ta juya. Danginsu za su ji nauyin a ce an kai su can. Ki zaunar da su, ki gaya musu ciwo ne da ake magani, ki rubuta takardar da hannunki, in hali ya yi ki sa wani daga ma'aikatanki ya raka su har ƙofa.