Yadda ake buɗe gidan kula da marayu a cikin unguwa a Tasawa da Mayahi

Shawarar da aka fi ba mai niyyar buɗe gidan marayu ko na naƙasassu a Tasawa da Mayahi ita ce ya samu gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya kwaso yara, takardu sa biyo baya tunda aikin Allah ne. Wannan shawara ita ke sa a rufe gidaje. Kyakkyawar niyya ba ta hana magada kai ƙara, ba ta kuma hana maƙwabci tafiya ma'aikatar magajin gari da koke.

Matakin farko ba shi da wuya: a kafa ƙungiya mai rijista bisa dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, a kuma yi kowace takarda da sunan ƙungiyar, ba da sunan Alhaji wane ba.

Inda ake shan wahala shi ne fili. A cikin birnin Tasawa ko Mayahi, unguwar da hukuma ta yanka tana da taswira, kuma taswirar ta ware filayen zama daban, ta ware na makaranta, kasuwa, masallaci da asibiti daban. Dokar tsara birane ta 2017 a kan wannan rabo ta tsaya. To gidan da yara goma sha biyar za su kwana, da masu reno da mai dafa abinci da mai gadi, ba gidan iyali ba ne zalla, ba kuma makaranta ba. Saboda haka kafin a biya ko dala, a ɗauki takardar filin, wadda ma'aikata ke kira acte de cession, a kai wa mai kula da filaye a ma'aikatar magajin gari, a nuna masa lambar filin a taswira, a tambaye shi a rubuce ko an yarda a yi wannan aiki a wurin. Amsar ita ma a karɓe ta a rubuce, da sa hannu da hatimi. "Ba komai, ku ci gaba" na baki ba ya aiki ranar da aka canza shugaba, kuma an gani: a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi a duk Nijar, aka naɗa shugabannin riƙo. Wanda ya dogara da alkawarin tsohon magajin gari sai ya koma farko.

A wajen birni kuwa, irin su Korgom, Maijirgi, Urafan ko Kanembakashe, yawancin filaye na gado ne, kuma dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce ke aiki. Kwamitocin filaye da ake kira Kofo, na ƙauye da na ƙaramar hukuma da na gunduma, su ke shaida ciniki ko kyauta ko aro. A nan ne ake yawan yin ganganci. Wani bawan Allah zai ce ya ba da gidan mahaifinsa sadaka, a yi fatiha a watse. Bayan an zuba kuɗi an yi katanga da rijiya, sai ƙanensa ya dawo daga Agadas ko Libiya ya ce ba a raba gado ba. Gaskiya ce kuwa ya faɗa. Kowane magaji, mace da namiji, sai ya sa hannu gaban mai gari da Kofo, ko a haƙura da gidan komai kyansa. Idan aro ne, a rubuta shekarun. 

Sai maƙwabta. A je wa mai unguwa da limamin masallacin layin tun ba a sauke yashi ba, a faɗa musu adadin yaran, shekarunsu, wanda zai kwana da su, da inda ruwan wanka zai bi. Ƙorafin mutane yawanci bai wuce hayaniya, ruwan datti a lungu, da samari masu leƙa gidajen matan aure ba, kuma duk ana magance su da katanga mai tsawo da rami mai murfi. Amma idan ƙorafin shi ne ba a son kurame ko masu taɓin hankali a unguwa, wannan ba hujja ba ce, kada a ja da baya. Ko a Amurka an yi wannan rigima, har kotun ƙoli ta yanke hukunci a 1985 cewa garin Kilibon na jihar Tekzas bai da ikon hana irin wannan gida izini don tsoron maƙwabta kawai.

Wajen gini, a nemi izinin gini ko da gyara za a yi. A guji bakin tafki da gangaren da ruwa ke kwanciya, musamman a kwarin Gulbin Kaba. Ambaliyar daminar 2024 ta rushe gidajen ƙasa da yawa a jihar Maradi, inda Tasawa da Mayahi suke. Kada kuma a kwantar da yaro ko a zaunar da shi karatu a rumfar zana. Gobarar ajin zana a birnin Maradi ranar 8 ga Nuwamban 2021 ta kashe yara fiye da ashirin. Ƙofar fita biyu, madafa nesa da ɗakin kwana, salgar maza daban ta mata daban, wayar lantarki ta Nigelec kuma ƙwararre ya ja ta.

Daga ƙarshe, yaro ba ya shiga gidan don wata inna ta kawo shi ta ce maraya ne. Ofishin kare yara na gunduma shi ke bincike, alƙalin yara kuma, bisa wata doka ta 2014, shi ke da ikon danƙa yaron da ke cikin haɗari a hannun wani. Sau da yawa binciken kan gano kawu ko goggo da za su riƙe shi idan aka tallafa musu da hatsi da kuɗin makaranta, kuma hakan ya fi masa. Wanda aka tabbatar ba shi da mai riƙo, a buɗe masa fayil da takardar haihuwa da umarnin alƙali tun kafin ya kwana a gidan.