'Yan Kasuwar Dutse, Ku Rubuta Farashin Kayanku

Sana'ata haɗa wa 'yan kasuwa shagon intanet, kuma yawancin masu ba ni aiki suna tsakanin kasuwar Dutse Alhaji da Kubwa. Inda muke yawan samun saɓani da su shi ne farashi. Mai atamfa zai turo hotuna masu kyau, in ce nawa za a rubuta, sai ya ce a sa "a tuntuɓe mu", wai kada maƙwabcinsa ya gani ya karya masa kasuwa.

Tsoron nan yana da dalili, amma zamani na shirin wuce shi. A watan Satumban 2025 kamfanonin OpenAI da Stripe suka fitar da wata ƙa'ida mai suna Agentic Commerce Protocol, wadda ke ba manhajar ƙirƙirarriyar basira damar yi wa mutum sayayya daga cikin hira, ta zaɓi kaya ta kai shi har wurin biya. A Amurka aka fara, da masu sayarwa a kasuwar intanet ta Etsy. Google ma ya fito da tasa ta biyan kuɗi a watan, sannan a Janairun 2026 ya ƙaro wata tare da Shopify. Abin da ya fi burge ni shi ne a buɗe suka sake su: duk mai rubuta manhaja, ko a Bwari yake, zai iya ɗauka ya karanta ya ɗora a shagon wani ba tare da sayen lasisi ba. Kuma Stripe ɗin nan shi ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi na nan Najeriya, tun 2020, don haka ban ga abin zai yi mana nisa ba.

Wannan sabon dillali, wato manhajar da ke yi wa mutum sayayya, ba ya tayi, ba ya jin "albarka". Rubutu yake karantawa: sunan kaya, kuɗinsa, nawa ya rage a shago, nawa ne kai shi Gwarinpa, kuma ana karɓar kaya idan an dawo da shi? Hoton da ka ɗora a status ɗin WhatsApp ya ɓace bayan awa 24 ba zai taɓa ganinsa ba. Mai shinkafa ya rubuta kilo nawa ne a mudunsa, don mudu kala-kala ne. Mai atamfa ya faɗi yadi nawa ne a turmin.

Ba sai ka kashe kuɗi yau ba. Fara da jera kayanka a tebur ɗaya a wayarka, kana gyara farashi duk lokacin da ya motsa. In za ka buɗe shago, ina ba da shawarar buɗaɗɗiyar manhaja irin WooCommerce, domin bayanan kayanka da na kwastomominka suna hannunka, ranar da kuka ɓata da mai haɗa maka shafi ka kwashe abinka.

Alhaji, Hajiya, duk wanda ya zo rumfarku ya ce zai yi muku rajista da wannan tsari amma sai kun ba shi lambar sirrin katinku ko wadda banki ya turo a waya, ɓarawo ne. Ku sallame shi, ku sanar da shugabannin kasuwa.