Goro, Shayi da Kofi: Ƙarfin Aro

Darasinmu na wannan wata a kan abin da muka sani ne tun muna yara. Ba a ɗaurin aure ko suna a ƙasarmu sai an raba goro. Kakanninmu fatake sukan yi tafiyar watanni zuwa Salaga a ƙasar Gwanja domin su sayo shi. Yau kuwa ga teburin mai shayi a kowace unguwa, ga kofi, ga lemunan gwangwani da samari ke sha domin ƙarin kuzari. Dukansu abu ɗaya ne a cikinsu, sunansa kafeyin. Bari mu duba aikinsa a jikinmu.

1. Mene ne kafeyin?

Wani sinadari ne mai ɗaci da ke cikin goro da ganyen shayi da 'ya'yan kofi da koko. A shekara ta 1819 wani Bajamushe mai suna Runge ya fara ware shi daga 'ya'yan kofi. Busasshen goro yana ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 na kafeyin. Da miligiram ake auna shi. Kofin kofi ɗaya yana da wajen 90, kofin baƙin shayi wajen 45, ƙaramin gwangwanin lemon kuzari wajen 80.

2. Yadda yake aiki

Tun daga safe, sa'ad da muke aiki, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa cikin ƙwaƙwalwa. Shi ne manzon gajiya. Yana da mazaunai nasa, in ya zauna a kansu sai mu ji barci. Kafeyin ya yi kama da shi, saboda haka yakan riga shi zama a wurin, ya hana saƙon isowa. Watau ba ƙarfi ya ba mu ba, gajiyar ce ya rufe. Tana nan tana jira kamar mai bin bashi a ƙofar gida, in kafeyin ya fita sai ta shigo gaba ɗaya.

Ba ya kuwa fita da sauri. Ga yawancin manya, sai bayan kamar awa 5 rabinsa ke barin jini. Wanda ya sha miligiram 100 da ƙarfe 4 na yamma, da sauran 50 a jikinsa da ƙarfe 9 na dare. Barcinsa ba zai yi nauyi ba, ya tashi a gajiye, ya nemi wani goron. Ga yadda bashi ke haihuwar bashi ke nan.

3. Yadda sabo ke kama mutum

Hausawa sun ce sabo turken wawa. In muna shan kafeyin kowace rana, jiki yakan saba, har abin da ɓari ɗaya ke yi a da sai goro biyu. Ran da aka rasa kuwa, bayan awa 12 zuwa 24 sai ciwon kai ya taso, da kasala, da saurin fushi. Dalili shi ne kafeyin yana matse hanyoyin jini na kai, in babu shi sai su buɗe. Wahalar takan tsananta a rana ta biyu, ta wuce cikin kwana 2 zuwa 9. A shekara ta 2013 ƙungiyar likitocin tunani ta Amurka ta sa wannan hali cikin littafinta na cututtuka.

Mu lura da wani tarko. Waɗansu ƙwayoyin ciwon kai suna da kafeyin miligiram 65 a kowace ɗaya. Mutum ya sha, kai ya lafa, ya ce magani ya yi, alhali abin da jiki ya saba ne aka mayar masa.

4. Nawa ne ya isa?

Kada mu yi wa goro da shayi ƙazafi, gama kaɗan ba ya cutar da mai lafiya. A shekara ta 2015 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce babba mai lafiya yana iya shan har miligiram 400 a yini, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Kafeyin yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, a watannin ƙarshe kuma yakan yi kamar awa 15 kafin rabinsa ya bar jikin uwa. Yawansa yana da alaƙa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi.

Wanda ya wuce kima yakan ga rawar hannu, da bugun zuciya, da ƙwannafi, da fargaba ba dalili. Yana kuma ɗaga jini na ɗan lokaci, domin haka mai hawan jini da mai ciwon zuciya su nemi shawarar likita. Yara jikinsu ƙarami ne, kada mu ba su lemon kuzari. Direban da ke tauna goro domin ya kwana bisa hanya shi ma ya sani fa, ido a buɗe ba shi ne hankali a farke ba. Rayukan fasinjoji suna hannunsa, barci kuwa ba a biyansa sai da barci.

5. Abin da za mu yi

Mu ƙidaya abin da muke sha a yini, goro da shayi da lemo duka. In ya yi yawa, kada mu bari dare ɗaya. Mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, gama sannu ba ta hana zuwa. Mu bar shi tun daga azahar. In an miƙa mana goro a wurin biki da yamma, mu karɓa da godiya, mu ajiye sai safiya.

Tambayoyi

1. Don me muka ce ƙarfin kafeyin na aro ne?
2. Me ke kawo ciwon kai ga wanda ya rasa goro?
3. Su wane ne a gidanmu ya kamata su rage?