Daga Gandu Zuwa Jiniyar Masaƙa

'Yan'uwa ɗalibai, tunda jarrabawa ta ƙarato, bari mu warware batun "aikin albashi" da misalin gida. A ƙauye irin Wanke, gandu ne tushen aiki: uba da 'ya'yansa gona ɗaya, rumbu ɗaya, in noma ya yi yawa a kira gayya. Ba mai ƙirga awa.

Layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau, ya isa Ƙaurar Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka zama kayan kuɗi, ga haraji ba ya biyuwa sai da tsaba. Bayan samun 'yanci aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau. Nan ne maganar Karl Marx take fitowa fili: inji ba na ma'aikaci ba, yadin da ya saƙa ba nasa ba, lokacinsa kawai yake sayarwa. Da rana ce ke tada mutum daga aiki, yanzu jiniya.

Daga tsarin SAP na 1986 darajar naira ta zube, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ba tabbas, ga atamfar fasa-ƙwauri. Masaƙun Kaduna da Kano da Gusau suka riƙa rufewa.

A ganina, a nan ya kamata amsarku ta daɗe, don sallamar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Wanda ya riƙe gonarsa ya koma noma. Wanda ya sayar da ita ya tare a birni, sai acaɓa ko ƙwadago a gonar wani.