In An Sake Kwaɗo, Tsohon Mabuɗi Ba Ya Buɗewa: Darasi a Kan Manhajar Karanta Labarai

Gabatarwa

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, rediyo ce ta daɗe tana kawo wa jama'a labarin duniya. A 'yan shekarun nan wayar hannu ta zo ta tsaya kusa da ita. Malami yana duba sanarwar jarrabawa a cikinta, ɗan kasuwa yana neman labarin hanya kafin ya kama tafiya Gusau ko Sakkwato, ɗalibi kuma yana karanta abin da jaridu suka buga. Wasu suna yin haka ne ta wata manhaja mai tattaro kanun labarai wuri guda.

To, akan wayi gari manhajar da ta yi aiki lafiya lau jiya ta ƙi kawo ko labari ɗaya, alhali wayar ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba, data kuma ba ta ƙare ba. Sai mai ita ya garzaya wurin mai gyara, ya biya kuɗi a yi mata filashin, ya yi asarar lambobi da hotunansa, matsala kuma tana nan daram. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi cewa sau da yawa tushen cutar yana can nesa da wayar, a kuma koya masa yadda zai gano shi kafin a kashe ko kwabo.

Ɓangarori biyu masu magana da juna

Manhajar karanta labarai ba ta ƙirƙirar labari. Aikinta shi ne ta aika tambaya zuwa wata babbar kwamfuta da gidan jarida ya tanada, wadda ake kira saba, wasu kuma suka raɗa mata suna uwar garke. Uwar garke ta amsa da jerin labarai, manhaja ta shirya su a fuskar waya. Ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren wannan jeri shi ne RSS, wanda kamfanin Netscape ya fito da shi a 1999.

Kafin magana ta yiwu, tilas ɓangarorin biyu su dace a kan abubuwa huɗu: adireshin da za a je, hanyar kulle saƙo don kada wani ya leƙa, takardar shaidar da ke tabbatar da cewa uwar garken ta gaskiya ce, da kuma fasalin da za a rubuta labarin.

Ɗalibin ilmin halittu ya san irin wannan dacewa. A 1894 masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Emil Fischer, ya kwatanta aikin enzayim da mabuɗi da kwaɗo. Enzayim ɗin da ke cikin yawu yana narkar da sitacin tuwo domin siffarsa ta dace da ta sitaci, amma ba ya taɓa tsokar nama. Idan siffar ɗaya daga cikinsu ta sauya, aiki ya tsaya, ko da ɗayan yana nan lafiya ƙalau. Haka abin yake a nan. In masu kula da uwar garke suka sabunta ta, sun sake kwaɗo ke nan, manhajar da ke cikin waya kuwa tana riƙe da tsohon mabuɗi.

Wuraren da dacewa ke warwarewa

Na farko, adireshi. Idan aka mayar da jerin labarai sabon wuri, uwar garke takan amsa da lamba 301, wato an ƙaura. Manhaja mai kyau takan bi sabon adireshin da kanta. Idan ba a bar wannan alama ba, sai lamba 404 ta fito, wato ba a sami abin da ake nema ba. Wani lokaci ma uwar garken ce ake rufewa ɗungurungum. Ranar 1 ga Yuli, 2013, kamfanin Google ya rufe Google Reader, sai manhajoji masu yawa da suka dogara da ita suka tsaya, har sai da masu su suka haɗa su da wata mahaɗar.

Na biyu, hanyar kulle saƙo, wadda ake kira TLS. Nau'inta na 1.0 ya fito a 1999, na 1.1 a 2006, na 1.2 a 2008, na 1.3 kuma a 2018. Da aka gano rauni a nau'o'i biyun farko, manyan burauzoji suka yi watsi da su a 2020, kuma a watan Maris na 2021 hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta ayyana cewa a daina aiki da su. Abin lura shi ne, a wayoyin Android, sai daga nau'i na 5.0 na shekarar 2014 ne TLS 1.2 ke buɗe wa manhajoji kai tsaye. Saboda haka ranar da gidan jarida ya rufe tsofaffin nau'o'in a uwar garkensa, ranar ce manhajar da ke kan tsohuwar waya kan yi shiru.

Na uku, takardar shaida. Kowace waya tana ɗauke da jerin hukumomin da ta amince da sa hannunsu, kowace takarda kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Daga nan ake samun matsala iri biyu. Ko dai wayar ba ta san hukumar da ta sa hannu a sabuwar takardar ba, ko kuwa agogon wayar ya karkace, ta ɗauka cewa takardar ta ƙare ko lokacinta bai yi ba.

Na huɗu, fasalin rubutu. Wannan ya shafi mai karatun Hausa fiye da wasu. A tsarin UTF-8, wanda yawancin shafuka ke amfani da shi, kowane ɗaya daga cikin haruffan ɓ da ɗ da ƙ yana cin gurbi biyu a ma'ajiyar kwamfuta. Manhajar da ke karatu da tsohon tsarin Turai ta Yamma takan ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa, sai kalmar ƙasa ta fito kamar haka: Æ™asa. Idan kuwa ƙananan akwatuna ne suka fito a gurbin haruffan, to saƙo ya iso daidai, wayar ce ba ta da zanen waɗannan haruffa.

Darasin shekarar 2021

A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. An mayar da shi a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ƙara jiran makonni. A tsakiyar wannan hali, ranar 30 ga Satumba, wata tsohuwar takardar shaida mai suna DST Root CA X3 ta ƙare. Ita ce ƙungiyar Let's Encrypt, mai ba miliyoyin shafuka shaida kyauta, ta jingina da ita tun farkon aikinta. Na'urorin da ba su san sabuwar takardar ƙungiyar ba, irin su iPhone mai nau'in da bai kai iOS 10 ba, suka fara ƙin buɗe waɗannan shafuka. Tsofaffin wayoyin Android an yi musu wata dabara da ta ƙara musu wa'adi, ita ma ta ƙare ranar 30 ga Satumba, 2024. Daga nan wayar da ba ta kai Android 7.1.1 ba ta shiga cikin matsalar.

Ke nan mai irin wannan na'ura a Anka ko Gummi zai iya ganin sabis ya dawo amma wasu shafuka sun ƙi buɗuwa, ya ɗora laifin a kan katsewar da aka yi, alhali sababi biyu ne mabambanta suka faɗo a lokaci guda. Aukuwar abu biyu tare ba ta nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Wannan ƙa'ida ce da ɗalibin kimiyya zai riƙe a ko'ina.

Matakan bincike

A ɗakin gwaje-gwaje, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a bar sauran yadda suke. Haka za a yi a nan, a fara da mai sauƙi.

1. A rubuta saƙon da manhaja ta nuna, da lambarsa in akwai. Lambobin da suka fara da 5, kamar 500 da 503, suna nuna cewa matsalar tana wurin uwar garke. Maganinsu haƙuri.

2. A gwada wata manhajar ko wani shafin. In babu abin da ke buɗuwa, a duba sabis da data.

3. A duba kwanan wata da agogon waya. Wayar da aka cire wa batir, ko ta daɗe a mace kafin a kai ta wurin mai caji, takan rasa lissafin rana. Gyaran wannan bai fi minti ɗaya ba.

4. A buɗe shafin jaridar da burauza a wannan wayar. In ya buɗe, to hanya lafiya take, matsalar ta manhaja ce.

5. A gwada manhajar a wayar wani mai sabon nau'i, a wuri ɗaya, da layi iri ɗaya. Wannan waya ita ce ma'aunin gwajin. In ta yi aiki a can, tsufan wayar farko ne sababi. In ta ƙi a duka biyun, sauyin daga uwar garke yake.

6. A sabunta manhajar daga rumbun Play Store, a share ajiyarta ta wucin gadi, wadda kan riƙe tsohon adireshi. In mai karanta RSS ce, a goge tsohon adireshin, a ɗauko sabo daga shafin jaridar.

Idan bincike ya nuna tsufan waya ne, filashin da zai mayar mata da nau'in da take da shi ba zai ƙara mata komai ba. Ana iya karanta labarai ta Opera Mini, wadda a tsarinta na tsimin data kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shafi su miƙo wa waya. Wannan ya isa don karatu, amma bai dace da harkar banki ba.

Hattara

Abu biyu ya kamata a guje musu. Na farko, sauke manhaja daga wani shafin da ba a sani ba, ko karɓar ta daga wayar wani, don an ce ita ce mai aiki. Ta irin wannan ƙofa ɓarayin bayanai ke shiga. Na biyu, tsallake gargaɗin takardar shaida a shafin da ake sa lambar sirri. Gargaɗin yana iya zama na tsufan waya, yana kuma iya zama alamar shafin bogi. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Masu kula da uwar garke suna sabunta ta ne domin toshe ɓarakar tsaro, kuma za su ci gaba da yin haka. Saboda haka mai sayen waya, musamman ta hannu, ya dace ya duba nau'in Android da ke cikinta kamar yadda yake duba ƙarfin batir. Wanda kuma manhajarsa ta tsaya, ya bi matakan nan shida kafin ya nufi rumfar mai gyara, ya kuma kwafe lambobinsa da hotunansa kafin ya miƙa wayar.

Aikin aji

1. Malami ya mayar da kwanan watan wata waya baya da shekara biyar, ɗalibai su buɗe shafin jarida su rubuta abin da ya fito. A gyara kwanan watan, a sake gwadawa.

2. A bayyana bambancin da ke tsakanin lamba 404 da lamba 503, da abin da mai waya zai yi a kowane hali.

3. A mataki na biyar, me ya sa aka ce a gwada a wuri ɗaya da layi iri ɗaya?