Darasi: Maganin rage maiƙon jini da magungunan itatuwa

Idan maiƙon jini, wato kolesterol, ya yi yawa, yakan toshe hanyoyin jini har ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa likita kan rubuta ƙwayoyi irin su simvastatine ko atorvastatine, a riƙa sha kullum.

Hanta ce ke sarrafa waɗannan ƙwayoyi, kuma ta nan yawancin jiƙo da sassaƙe ke bi. Idan suka haɗu, wani tsiro yakan rage ƙarfin ƙwayar, wani kuma ya sa ta taru a jini. Misali, ruwan pampalamus, babban lemun nan mai ɗaci, yana sa simvastatine ta taru har ta illata tsoka. Garin maganin kasuwa kuwa, ba a san abin da ke cikinsa ba.

Zogale da tafarnuwa a cikin abinci ba su da laifi.

Iyaye mata: mai juna biyu, da mai neman haihuwa, da mai shayarwa, ta sanar da likita kafin ta sha wannan ƙwaya, domin galibi akan dakatar da ita a wannan lokaci.

Masu faɗakarwa: ku tambayi iyali cikin mutunci abin da mara lafiya ke sha, ku sa a kai wa ma'aikacin lafiya duka, ƙwaya da jiƙo. Ciwon tsoka mai tsanani, fitsari mai duhu ko idanu rawaya alamun haɗari ne: a tafi asibiti a ranar.