Darasi na 14: Raba kundi shafi-shafi

KARATU

Wata ranar Litinin, malamin aji shida na wata makaranta a Maradi ya ce wa ɗalibansa: «Jarrabawa ta kusa. Kowa ya gaya wa mahaifinsa ya aiko mini da takardar haihuwarsa ta salula kafin Alhamis. Wanda takardarsa ba ta zo ba, sunansa ba zai shiga ba.»

Wata yarinya ta koma gida ta faɗa wa babanta. Baba ya buɗe salularsa. Tun bara ya kai takardun gida wurin mai fotokopi a bakin kasuwa, aka ɗauki hotonsu, aka haɗa su cikin kundi guda mai shafi 8. A ciki akwai takardun haihuwar yara biyar, da katinsa na ɗan ƙasa, da na Inna, da takardar gona. Takardar yarinyar tana shafi na 3.

— Bari in aika masa duka, in ji Baba.

— Baba, ku dakata tukuna, in ji babban ɗansa da ke karatu a lise. Shafi ɗaya kawai malam yake so. Takardar gona sirrin gida ce. Salula tana ɓata, kuma tana shiga hannu da yawa.

— To Yaya, yaga kundin za a yi? in ji yarinyar.

Yaya ya yi dariya, ya ce mata ta matso kusa.

Ya bayyana mata cewa irin wannan kundi ana kiransa PDF. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1993. Amfaninsa shi ne, takarda tana fitowa yadda aka tsara ta, ko a kwamfuta aka buɗe ta ko a salula. A shekarar 2008 tsarinsa ya zama ƙa'ida ta duniya. Yau akwai dandalin intanet da yawa masu raba shi, kamar iLovePDF da Smallpdf.

Yaya ya fara gwada mata da wani kundin darasin lissafi mai shafi 12. Ga yadda ya yi:

1. Ya buɗe intanet, ya shiga dandalin.
2. Ya taɓa wurin da aka rubuta «Diviser PDF», wato raba kundi.
3. Ya zaɓi kundin a cikin salula, ya jira har ya gama hawa.
4. Ya nuna shafukan da yake so: daga na 4 zuwa na 6.
5. Ya taɓa maɓallin rabawa.
6. Ya taɓa «Télécharger», sabon kundi mai shafi 3 ya sauko cikin salula.

Yarinyar ta koma ta buɗe tsohon kundin, ta ƙidaya. Shafi 12 suna nan daram.

— Yaya, ba su ragu ba!

— Ai ba za su ragu ba. Na'ura ba ta yanka da almakashi, kwafa take yi. Da mun ce a raba kowane shafi daban, da mun samu ƙananan kundaye 12, sau da yawa a ƙunshe cikin jaka ɗaya da ake kira ZIP.

— To mu yi na gidanmu yanzu.

— Tsaya. Da kundin ya hau, ina kike tsammani ya tafi?

Yarinyar ta yi shiru. Yaya ya ce kundin yakan bar salula ya tafi wata babbar kwamfuta mai nisa. A can ake raba shi, a mayo da shi. Masu dandalin sukan ce suna goge shi bayan ɗan lokaci, amma mai aikawa ba ya gani da idonsa. Darasin lissafi ba sirri ba ne. Katin Baba kuwa da takardar gona, gara su zauna a gida.

Sai ya bi hanya ta biyu, wadda ba ta bukatar intanet. Ya buɗe kundin gida, ya taɓa «Imprimer» kamar zai buga shi a takarda. Maimakon na'urar bugawa, ya zaɓi «Enregistrer au format PDF». A wurin shafuka ya rubuta 3 kawai, ya ajiye. Ya miƙa wa ƙanwarsa salular ya ce ta duba. Ta karanta sunanta da ranar haihuwarta, ta ce: «Tawa ce.» A nan ne Baba ya aika wa malam. Ran Talata da safe sunanta ya shiga jerin masu jarrabawa.

MU RIƘE

Raba kundi ba ya lalata kundin asali. A aika shafin da aka nema kawai. A buɗe shi a duba kafin a aika. Takardar sirri ba a ɗora ta a kowane dandali.

KALMOMI

kundi: le fichier
shafi: la page
rabawa: diviser
saukewa: télécharger
bugawa: imprimer

TAMBAYOYI

1. Me malam ya nema daga wurin ɗalibai?
2. Waɗanne takardu ne ke cikin kundin Baba?
3. Don me Yaya ya hana a aika kundin duka?
4. A wace shekara PDF ya fito?
5. Mene ne bambancin hanya ta farko da ta biyu?

AIKI

a) Kundi yana da shafi 20. An fitar da shafi na 5 zuwa na 9. Shafi nawa ne a sabon kundin? Shafi nawa ne a tsohon?

b) Nauyin wani kundi mai shafi 12 ya kai 6 Mo. In 1 Mo ya yi 1000 Ko, kuma nauyin shafukan ɗaya ne, Ko nawa ne nauyin kowane shafi?

c) Ku rubuta sunayen takardu uku na gidanku waɗanda bai kamata baƙo ya gani ba. Ku faɗi dalili da Hausa, sannan da Faransanci.